BABI NA HUƊU: LOKACIN DA MA'ADANAR SSD KE MAYAR DA KUƊINTA A BIRNIN KANO

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin sassan kwamfuta da aikin kowannensu. A wannan babi kuwa za a dubi sashen da ke adana bayanai, wato ma'adana. Iri biyu ake samu a kasuwannin Kano. Akwai faifai mai juyawa da ake kira HDD, akwai kuma SSD wadda babu wani abu mai motsi a cikinta. Da yake SSD ta fi tsada, manufar babin ita ce fito da ma'aunin da mai sana'a a cikin birni zai bi, ya gane ko ƙarin kuɗin da zai biya zai dawo masa.

4.1 Yadda Ma'adanan Biyu Suke Aiki

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da HDD a shekarar 1956, mai faya-fayai 50, wanda abin da yake ɗauka bai wuce megabayit 5 ba. Har yau tsarinsa bai canza ba: faifai ne mai maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, sai wani ɗan hannu da ke kai-da-komo a kansa yana karatu da rubutu. Kafin hannun ya isa inda bayani yake, yakan ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa.

Ita kuwa SSD ta samo asali ne daga ƙwaƙwalwar filash da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan cikin shekarun 1980. Tana adana bayani ne ta hanyar tsare cajin lantarki a wasu ƙananan ɗakuna, don haka babu jiran faifai ya juyo. HDD kan kwashi megabayit 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD mai mahaɗin SATA takan kai 550, mai mahaɗin NVMe kuwa takan haura 3,000. Sai dai bambancin da mai aiki ya fi ji a jikinsa shi ne na neman ƙananan fayiloli masu yawa, kamar lokacin kunna Windows, inda SSD ke ninka HDD sauri nesa ba kusa ba.

4.2 Matsalar Farashi

A shekarar 1991 an sayar da SSD mai megabayit 20 a kan dala 1,000. Tun daga nan farashinta ke sauka, amma har yanzu terabayit ɗaya na SSD ya ninka na HDD tsada. Bambancin ƙanƙane ne a ƙananan ma'adanai kamar gigabayit 256, amma yakan yi faɗi ainun idan aka kai terabayit 4 zuwa sama.

Haka kuma farashin ba ya zama wuri ɗaya, domin duka biyun daga waje ake shigo da su. Ambaliyar da aka yi a Tailan a 2011 ta tayar da farashin HDD a duniya. Sakin darajar naira a watan Yunin 2023 ya kai dala daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024. A ƙarshen 2025 kuma buƙatar manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira ta sa farashin filash ya tashi. Saboda haka ma'aunin da ya dogara ga farashin yau kaɗai ba zai daɗe ba. Wanda zai daɗe shi ne wanda ya dubi irin aikin da za a yi.

4.3 Masu Amfani da Kwamfuta a Cikin Birni

4.3.1 Masu Buga Takardu da Ɗalibai

Waɗannan su ne masu shagunan buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, da kuma ɗaliban da ke fita ta Ƙofar Kabuga zuwa Jami'ar Bayero. Akasarinsu da kwamfutoci na hannu suke aiki, kuma fayilolinsu ba su da nauyi. Abin da ke cinye musu lokaci shi ne jiran na'ura ta tashi, musamman da yake ɗaukewar wuta kan tilasta sake kunna ta sau da yawa a yini. A ɗauka, alal misali, mai shago yana asarar minti 20 kullum wajen jira. A kwanakin aiki 26 ya yi asarar minti 520, wato fiye da awa 8, yini guda na ciniki ke nan a kowane wata. Ga irin wannan mutum ƙaramar SSD takan mayar da kuɗinta, har ma ta ɗauke masa sayen sabuwar kwamfuta. Bugu da ƙari, kwamfutar da ke shan jijjiga a Adaidaita Sahu ta fi samun aminci da SSD, domin bugu ɗaya kan sa hannun HDD ya karce faifai.

4.3.2 Masu Tace Fina-finai

Tun fitowar Turmin Danya a 1990 harkar fim ta zama babbar sana'a a Kano. Mai tace hoto yana buƙatar sauri da kuma yalwar wuri a lokaci guda. Abin da ya dace da shi shi ne haɗa biyun, wato ya ɗora fim ɗin da yake aiki a kai a SSD, idan ya gama ya mayar da shi HDD. Wajibi ne kuma ya duba adadin rubutun da kamfani ya lamunce wa SSD, domin ɗakunanta suna gajiya da yawan gogewa. Misali, Samsung 870 EVO mai terabayit ɗaya an lamunce mata rubutun terabayit 600.

4.3.3 Masu Tura Fina-finai a Waya

Waɗannan su ne suka gaji kasuwar kaset da faifan CD da Ƙofar Wambai ta yi suna a kanta. Jarinsu shi ne yawan fina-finai da waƙoƙi da wa'azozin da suka tara. Saurin tura fim ya dogara ne ga katin wayar mai saye, wanda galibi bai kai HDD sauri ba. Ke nan idan suka sayi babbar SSD sun biya kuɗin saurin da ba za su mora ba. HDD ya fi dacewa da su.

4.3.4 Masu Adana Tsofaffin Rubuce-rubuce

Gidajen malamai a unguwanni irin su Madabo suna riƙe da littattafan Larabci da na Ajami da aka gada kaka da kakanni. Idan aka ɗauki hotunansu don adanawa, akwai haɗari a zuba su a SSD a jefa cikin adaka. Cajin da ke riƙe da bayanin yana zurarewa a hankali idan ba a kunna ta, zafi kuma yana gaggauta hakan. Ƙa'idar hukumar JEDEC ta tanadi cewa SSD ta gama-gari da ta cinye adadin rubutunta ta riƙe bayani shekara ɗaya a zafin digiri 30, alhali zafin Kano a watan Afrilu yakan kai digiri 40. Daɗin daɗawa, idan SSD ta mutu, ceto abin da ke cikinta ya fi na HDD wuya. Abin da ya fi shi ne a yi kwafi a HDD biyu, a ajiye su a gidaje dabam-dabam, a riƙa duba su lokaci-lokaci.

4.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa tambayoyi uku ne mai saye zai yi wa kansa. Na farko, shin jiran kwamfuta yana rage masa ciniki? Na biyu, shin yawo ake yi da na'urar? Na uku, shin bayanan da zai adana ba su da yawa ainun, kuma kullum ake taɓa su? Idan amsoshin sun zama e, SSD ta cancanci kuɗinta. Idan kuwa tarin bayanai ne da za a ajiye a wuri ɗaya na tsawon lokaci, HDD ya fi araha kuma ya fi dacewa. Kowacce aka zaɓa, ba ta ɗauke wa mutum yin kwafi na biyu, domin duka biyun suna mutuwa. A babi na gaba za a dubi yadda ake gane jabun ma'adana a kasuwa.