Kaza Ɗaya Ta Ishi Gida: Yadda Ake Girkin Kaza Irin Na Mutanen Sin

Abin da nake so in yi bayani a kai shi ne yadda ake dafa kaza irin dahuwar mutanen ƙasar Sin, wato irin wadda ake saya a gidajen abincinsu, a ƙunsa wa mutum ya tafi da ita gida. Na san wani zai ce ina ruwan mutumin Ƙaraye ko na Rogo da abincin Birnin Sin? To, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, za a ga kusan duk kayan wannan girki a gonakinmu suke.

Ga yadda abin ya faro. A wani hutu da ya wuce, yayana da ke aiki a Kano ya zo gida Ƙaraye da wata 'yar roba mai murfi. Da aka buɗe sai ga gutsattsarin kaza da gyaɗa da tattasai cikin wani romo mai kauri yana ƙyalli, ƙamshi ya cika tsakar gida. Baba ya duba ya ce, "Wa ya yanka kazar, kuma da me aka dafa ta?" Yaya ya yi shiru, don bai tambaya ba. Baba ya ce to shi kam ba zai ci abin da bai san asalinsa ba, mu ma duk muka janye hannu. Ita kuwa Inna da ta ji kuɗin da aka saya, sai ta kama haɓa ta ce ai wannan ya sayi kaza sukutum a kasuwa, alhali naman da ke ciki bai kai rabin kaza ba. Da muka koma makaranta na kai maganar gaban malamarmu ta darasin girki, ta yi mana bayani, na kuma ƙara da abin da na karanta.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne, yawancin wannan abinci na tafi-da-gidanka ba haka ake cin sa a cikin ƙasar Sin ba. Abincin 'yan ci-rani ne. Tun wajen shekarar 1849 mutanen kudancin Sin, musamman na yankin Kanton, suka riƙa tafiya Kalifoniya ta ƙasar Amurka haƙar zinariya, daga baya suka yi aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da aka gama a 1869. A 1882 Amurka ta kafa dokar hana leburorin Sin shiga ƙasar, waɗanda ke ciki kuma aka matsa musu, sai da yawansu suka koma sana'ar wanki da sayar da abinci. Da yake masu sayen ba 'yan Sin ba ne, sai suka riƙa gyara girkin ya dace da bakin mutanen wurin da kuma kayan da ake samu a kasuwar wurin. Alal misali, akwai wata shahararriyar dahuwa da ake kira kazar Janar Tso. Janar ɗin mutumin lardin Hunan ne da ya rasu a 1885, bai taɓa ɗanɗana ta ba. Wani kuku mai suna Peng Chang-kuei ne ya ƙirƙiro ta a tsibirin Taiwan bayan 1950, da ta isa birnin Niyok bayan 1970 kuma aka ƙara mata sukari.

Mu ma nan ƙasar mun daɗe da mutanen Sin. Tun shekarun 1960 'yan kasuwar Hon Kon suka kafa masana'antu a Kano da Kaduna, kafin ma Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da ƙasar Sin a 1971. Bugu da ƙari, awarar da muke saye a ƙofar makaranta asalinta daga Sin take, sun fi shekara dubu suna yin ta da waken suya. To, tun da su da kansu sukan canja girkin ya bi garin da suka sauka, ashe mu ma ba laifi mu yi shi da namu kayan.

Asirin wannan girki ba a tsadar kaya yake ba, a hanyar yin sa yake. Mu a gida mukan sassara kaza manya-manya da ƙashinta, mu dafa ta daɗe a wuta, sa'an nan mu soya. In an zo rabo sai a ga mai gida ya sami cinya, baƙo ya sami ƙirji, yara kuwa sai wuya da ƙafa da kai. Su mutanen Sin da 'yan sanduna biyu suke cin abinci, ba a kawo wuƙa wurin ci, saboda haka tun a madafa ake yanka komai daidai loma. Nama in ya yi ƙanana nan da nan yake dahuwa, bai cin itace da yawa. Kuma in aka haɗa shi da gyaɗa da kayan lambu sai ya yi auki, kowa ya sami rabonsa a cikin kowane ludayi. Kaskonsu ma mai zurfi ne mai zagayayyen gindi, kamar dai kaskon tuyar ƙosai, don haka ba sai an sayi wani sabon abu ba.

Dahuwar da na zaɓa ita ce kaza da gyaɗa, wadda ake kira Kung Pao. Ita kam ta cikin ƙasar Sin ce, ta lardin Sicuwan, an kuma sa mata suna ne daga muƙamin wani gwamnan lardin mai suna Ding Baozhen, wanda ya rasu a 1886. Ga kayan da za a tanada don gida mai mutum 8 zuwa 10:

Kaza 1 matashiya, ko ta gidan gona.
Soyayyiyar gyaɗa da aka murje, gwangwanin madara 1.
Albasa 2, tattasai 3, busasshen barkono 5.
Ɗanyar citta kamar babban yatsa, da tafarnuwa ƙwaya 4.
Farin ƙwai 1.
Sitacin rogo, babban cokali 3.
Ruwan tsamiya mai kauri, cokali 3.
Mazarƙwaila ko sukari, cokali 1.
Dakakkiyar daddawa, cokali 1, da gishiri.
Man gyaɗa, ludayi 1.

Bari in yi bayanin waɗansu daga cikinsu. Mutanen Sin da wani baƙin ruwa mai gishiri suke girki, wanda ake yi da waken suya da alkama a bar su su ruɓa wata da watanni. Ana samun sa a kwalba a manyan kantunan Kano, wanda ya samu ya zuba cokali 3. Wanda bai samu ba, daddawa ta wadatar, domin ita ma ruɓaɓɓen iri ce, kuma sinadarin da ke ba su ɗanɗano ɗaya ne. Shi ne wani masani ɗan Japan mai suna Kikunae Ikeda ya gano a 1908, daga nan aka fara yin abin da muke kira farin magi. A wurin ruwan tsami na kwalba da suke sawa, mu ga tsamiya. A wurin sukari ga mazarƙwaila, tun da ƙasar Rogo ƙasar rake ce. Albasa da tattasai kuwa masu noman rani a gefen madatsar ruwan Challawa, wadda aka gama a 1992, suna kawo su kasuwa. Citta daga Kaciya ta kudancin Kaduna take zuwa mana.

Sitaci kuwa kakata ta Rogo ce ta nuna mini yadda ake fitar da shi. A fere rogo irin wanda ake ci dafaffe, a goga shi, a zuba ruwa a murza, a tace da ƙyalle mai tsabta, a bar ruwan ya kwanta. Farin abin da ya zauna a gindin ƙwarya shi ne sitaci. A tsiyaye ruwan, a sake ɗauraye shi, a shanya. Kada a ɗauko sitacin guga, wannan ba na ci ba ne.

Yanzu sai aikin kansa. Da farko a zare tsokar ƙirji da ta cinyoyi daga ƙashi, a yanka ƙanana kamar ƙwayar dabino. Ƙasusuwan da wuya da fukafukai kada a yar, a tafasa su da albasa a sami romo. A zuba naman a kwano, a sa farin ƙwai da sitaci cokali 2 da ɗan gishiri, a cuɗa da hannu, a rufe kamar minti 20. Amfanin wannan shi ne sitaci da ƙwai sukan yi wa naman riga, in ya shiga mai mai zafi ruwan jikinsa bai tsere ba, sai ya fito da taushi. In kazar gida ce da ta ɗan manyanta, a sa ruwan kanwa ƙaramin cokali 1, a bari na minti 15, a wanke sosai kafin a sa sitacin. Kanwa takan sassauta tsoka kamar yadda take yi wa wake, amma in ta yi yawa za a ji ɗacinta.

Na biyu, a yanka albasa da tattasai daidai girman naman, a daka citta da tafarnuwa. A wani kofi kuma a haɗa ruwan tsamiya da mazarƙwaila da daddawa da sauran sitacin da romo rabin gwangwanin madara, a dama. Komai ya zama yana gefen murhu kafin a ɗora kasko, domin in an fara babu damar tashi neman wuƙa.

Na uku, a hura wuta da busasshen itace ko gawayi ta kama sosai. A ɗora kasko ya yi zafi, sa'an nan a zuba mai. A kasa naman kashi 3, a riƙa soya kashi ɗaya-ɗaya ana juyawa kamar minti 3 zuwa 4, ana kwashewa. A tsaga ƙwaya ɗaya a duba, in da sauran ja a ciki a mayar, don kazar da ba ta dahu ba tana kawo ciwon ciki mai tsanani. Haka kuma wuƙa da faranti da hannun da suka taɓa ɗanyen nama, a wanke su da sabulu kafin su taɓa wani abu.

Na huɗu, a rage man ya saura kaɗan, a jefa barkono da citta da tafarnuwa, da an ji ƙamshi a zuba albasa da tattasai a juya minti 2. A mayar da naman, a sake dama haɗin kofin nan a zuba. Nan take za a ga romon ya yi kauri yana ƙyalli ya manne wa naman. A watsa gyaɗa, a juya, a sauke. Gyaɗa a ƙarshe take shiga don kada ta jiƙe. Da farar shinkafa ake ci, in an dafa ta da ragowar romon ƙashin nan ta fi daɗi.

Kada a ga na jero bayani a zaci da farawa na iya. Ranar da na fara gwadawa da damina ne, itacen ɗanye, na kuma juye naman gaba ɗaya don sauri. Kaskon ya huce, naman ya tsatso ruwa, sitacin ya kama gindi, abin ya koma kamar kunun da ya yi gudaji. Inna ta ce, "Kin ga abin da nake gudu, kin ɓata mana kaza a banza." Na kwana da baƙin ciki, don kaza ba abar wasa ba ce a gidanmu. Sai da Ƙaramar Salla ta zo na roƙi a ba ni tsokar kaza ɗaya, na bi ƙa'ida sannu a hankali. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. A wannan karon mu 9 muka ci muka ƙoshi, har autanmu da kullum ƙafa ce rabonsa ya ce yau ya ci tsoka. Baba da ya yanka kazar da hannunsa ya ci, ya ce, "Madalla, Allah ya yi miki albarka."

Tambayar da Baba ya yi tun farko tana kan hanya, kuma ya kamata kowa ya riƙa yin ta. Da yawa daga masu girkin Sin sukan zuba giyar shinkafa a nama, sukan kuma yi amfani da naman alade da kitsensa a wasu girke-girken. Amma ba dukansu ba, domin a ƙasar Sin akwai Musulmi miliyoyi, kamar ƙabilar Hui, masu gidajen abincinsu na halal, kuma da wannan kasko da wannan hanya suke girki. Wanda ya shiga gidan abinci ya tambaya kafin ya saya. Wanda ya dafa a gida kuwa ya huta da shakka, ya san mai yanka, ya san abin da ya shiga kaskon.

A ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, mata da maza, in mun je hutu mu riƙa gwada abin da muka koya, ba mu bar shi a cikin littafi ba. Ina kuma roƙon iyayenmu su riƙa yi mana uzuri in mun yi kuskure, don mai koyo ba ya rasa ɓarna. Wanda zai fara, ya fara da ƙirjin kaza kaɗai, in ya ga hannunsa ya faɗa sa'an nan ya ƙara. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.