Ciwon ƙwauri: Yadda tsohon takalmin ruwa ke kwantar da manoman fadamar Haɗejiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gonakin shinkafa na Auyo da yamma a lokacin dashe, ya san abin da manomi ke fara yi idan ya fito daga ruwa. Zai nemi kunya ya zauna, ya tuɓe dogon takalmin robar da ya wuni a ciki, ya zazzage ruwan da ya taru, sannan ya kai hannu ya fara murza ƙwaurinsa.

Ni ma na ɗanɗana. A ranin bara na je taya wani kawuna dashe, ya ara mini tsohon takalminsa na ruwa, wanda wasu ke kira renbut. A rana ta uku, gaban ƙafata ta dama ya riƙa zugi tun daga saman idon sawu har zuwa tsakiyar ƙwauri, ko zaman tahiya sai da dabara. Kawu ya ce sanyin ruwa ne ya shige ni, kamar yadda akasarin mutanenmu ke cewa.

Da na kifa takalmin na duba ƙasansa, sai na ga dunduniyar ta cinye ta gefe guda, zanen tafin ya shafe, bakin kuma ya bushe ya yi ƙarfi kamar tasa. A nan na fara zargin cewa laifin da muke ɗora wa ruwa, rabinsa na takalmi ne.

Abin da ya sa ba a rabuwa da shi

Kogin Haɗejiya ne ke ciyar da noman ƙananan hukumomin Auyo, Haɗejiya, Kiri Kasama da Guri, kafin ya bazu cikin dausayin da ya miƙe har Nguru a Jihar Yobe. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya. Wasu magudanun da a da suke ƙafewa da rani, yanzu suna riƙe da ruwa duk shekara. A farkon 2023 kuma aka ƙaddamar da aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a Auyo bayan an faɗaɗa shi. Ma'ana, manomi a yau yana shafe watanni masu yawa ƙafarsa na cikin ruwa da taɓo.

Wannan ruwa kuwa ba shi da tabbas. Ciyawar kacala da ta mamaye magudanun tana ba ƙananan dodon koɗi mafaka, kuma daga jikinsu ne ƙwayoyin tsargiya ke fitowa su huda fatar mutum ba tare da ya ji ba. Ga matsattsaku, ga kututturen kacala da aka sare mai tsini, ga ragowar taki da maganin feshi. A kan tudu kuma akwai kububuwa da kasa, kuma yawancin saran maciji a gona a ƙafa yake samun mutum. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin manyan cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, kuma dogon takalmi na cikin kariyar da ake ba manoma shawara su riƙa sawa.

Haɗarin shi ne, da zarar takalmin ya fara cin ƙafa, sai mutum ya cire shi ya rataye a kan injin ban ruwa, ya koma aiki ƙafa ba takalmi. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Hanyoyi uku da tsohon takalmi ke jawo ciwon

Na farko, cinyewar ƙasan takalmi. Idan dunduniya ta zaizaye ta gefe ɗaya, duk takun da mutum ya yi ƙafarsa tana karkata. Naman da ke manne da gefen ƙashin ƙwauri ta ciki sai ya riƙa jan fatar ƙashin sau dubbai a wuni guda, har wurin ya kumbura ya fara zugi. Irin wannan ciwo ne ke damun sojoji masu fareti da 'yan ƙwallon da ke gudu a kan busasshiyar ƙasa.

Na biyu, sakin jiki. Takalmin da ya tsufa ko ya yi wa mutum yawa ba ya riƙe idon sawu. Laka kuwa tana riƙe takalmi. Don kada ya zare ya bar shi a cikin taɓo, manomi yana ƙanƙame yatsunsa ya ɗaga tafin ƙafa da ƙarfi a kowane taku. Naman da ke gaban ƙwauri ta waje ne ke wannan aiki, shi ya sa zuwa la'asar yakan yi tauri ya yi zafi kamar an doke shi da sanda.

Na uku, gogayya. A gaban ƙwauri babu tsoka tsakanin fata da ƙashi. Yawancin takalman da ake sayarwa da araha a kasuwanninmu, idan suka sha ranar Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, sai su bushe su yi ƙarfi. Yadin da ke ciki ya yage, jikin ya lanƙwashe a wuri guda. Duk lokacin da mai dashe ya sunkuya, wannan lanƙwasa ko bakin takalmin na dukan wuri ɗaya. Daga ja sai bororo, daga bororo sai gyambo, kuma kowa ya san gyambon ƙwauri ba ya saurin warkewa.

Wannan matsala ba ta manomi kaɗai ba ce. A ƙasashen Turai da Amurka, masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara suna fama da irin wannan ciwo idan soson da ke cikin takalminsu ya mutu. Ƙafa ta samu filin motsi, sai ƙwauri ya riƙa karo da gaban takalmin. Maganin da suke yi shi ne cike wannan gurbi, ko sauya soson, ko sayen sabo. Darasin ɗaya ne, ko a dusar ƙanƙara ko a lakar fadama: takalmin da ƙafa ke yawo a cikinsa sai ya ci ƙafa.

Yadda za ka gane irin ciwon da ke damunka

Ka zauna ka miƙe ƙafa, ka bi ƙashin ƙwauri da yatsa daga sama zuwa ƙasa kana dannawa.

Idan zafin ya bazu a gefen ƙashin ta ciki, tsawonsa ya kai faɗin tafin hannu ko fiye, yana kuma lafawa idan ka huta, akasari gajiyar nama ce da kumburin fatar ƙashi.

Idan fatar ce ta yi ja ko ta saluɓe daidai inda takalmin ke taɓawa, gogayya ce. Idan kuwa ƙaiƙayi da ƙuraje suka bi duk inda robar ta rufe, wataƙila jikinka ne bai karɓi robar ba.

Amma idan zafin yana wuri guda tak, wanda za ka iya rufewa da kan yatsa, kuma yana tashinka daga barci ko ya hana ka tsayuwa a kan ƙafar, ana iya samun tsagewar ƙashi. Wannan na asibiti ne. Sau da yawa hoton ƙashi ba ya nuna irin wannan tsaga a makonni biyu zuwa uku na farko, don haka kada hoton farko ya sa ka saki jiki idan ciwon bai tafi ba.

Abin da za ka yi a gida

Hutu shi ne kan gaba, kodayake shi ne ya fi wuya ga wanda irinsa ya isa dashe ko ɗan ƙwadagon da sai ya fita zai ci. Idan ba za ka iya dainawa gaba ɗaya ba, ka sauya aiki na wasu kwanaki: kula da inji, ɗaurin iri, korar tsuntsaye. Ciwon da aka tara da wuri yakan lafa cikin makonni biyu zuwa huɗu, wanda aka yi wa taurin kai kuwa yana iya cin watanni.

Ka samu ƙanƙara ko ledar ruwa mai sanyi, ka naɗe ta a tsumma, ka ɗora a wurin na minti 15 zuwa 20, sau biyu ko uku a rana. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai-tsaye. Da dare ka ɗora ƙafar a kan matashi.

Kafin ka shiga gona da bayan ka fito, ka dafa bango ko bishiya, ka miƙar da ƙafa ɗaya baya, dunduniya na ƙasa, har ka ji sha-raɓa ya ja. Ka tsaya haka na rabin minti, ka sauya ƙafa. Idan zafin ya ragu, ka riƙa ɗagawa a kan yatsu kana sauka a hankali sau goma zuwa goma sha biyar.

Batun magani kuma sai an yi hattara. Farasitamol yana rage zafi idan an sha shi bisa ƙa'ida. Amma irin su ibuprofen da diclofenac da ake saya a hannun masu talla a haɗiya kullum kafin a shiga gona, suna iya illata ciki da ƙoda, musamman ga wanda ya wuni yana gumi bai sha isasshen ruwa ba. A yankin da aka daɗe ana kukan ciwon ƙoda tun daga Haɗejiya har Gashuwa, wannan ba abin wasa ba ne. Tramadol kuwa rufe bakin ciwon kawai yake yi, ƙashi na ci gaba da lalacewa, ga kuma jaraba.

Haka nan a guji yin tsaga ko sakiya a kan ƙwauri. Raunin da aka buɗe da hannu, aka koma da shi cikin ruwan fadama, ƙofa ce aka buɗe wa cuta.

Gyaran takalmin

Ka ajiye takalmin a kan siminti ka dube shi ta baya. Idan ya jirkice gefe guda, ko zanen ƙasan ya shafe, kwanansa ya ƙare. Mai faci zai iya toshe huda da guntun tib, amma ba zai iya daidaita tafin da ya cinye ba.

Idan ƙasan na da sauran rai, ana iya ceto shi. Shumeka zai yanka maka shimfiɗar ciki daga roba mai laushi don ƙafa ta daina yawo. Ka sa doguwar safa mai kauri, irin ta 'yan ƙwallo, wadda ta wuce bakin takalmin, ka lanƙwaso ta a kai. Kada ka cusa wando a dunƙule ta gaba, domin kowace tattara tana danna ƙashi. Inda bakin ya yi kaifi, a rage shi da reza a lulluɓe da yadi. Idan akwai wurin da ya riga ya yi ciwo, a yanka soso kamar gammo a zagaye wurin da shi, maimakon a ɗora a kansa.

Bayan aiki, a ɗauraye takalmin ciki da waje, a kife shi a kan sanda a inuwa. Shanya shi a rana ko a gefen wuta shi ke busar da robar. Kuma takalmin ruwa na cikin ruwa ne. Wanda zai taka kilomita uku zuwa gona gara ya tafi da wani takalmin, ya riƙe na ruwan a hannu.

Wajen sayen sabo, a gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a riƙa sawa. Yatsu su samu sarari, dunduniya kuma kada ta riƙa ɗagawa idan ana tafiya. A lanƙwasa jikinsa da hannu: idan ya yi fari ko ya nuna tsaga, a ajiye. Na gwanjo da na aro sun riga sun ɗauki takun wani.

Lokacin da za a garzaya asibiti

A nemi ma'aikacin lafiya ba tare da jinkiri ba idan ƙafar ta yi ja, ta yi zafi, ta kumbura, ga zazzaɓi. Idan sha-raɓar ƙafa ɗaya ya kumbura ya fi ɗayan. Idan tafin ƙafa ya mutu ko ya ƙi ɗaguwa. Ko gyambo ya wuce mako biyu bai kama hanyar warkewa ba. Mai ciwon suga kada ya jira ko da ɗan bororo ne. Wanda ƙarfe ko kututture ya huda, ya tambayi allurar tetanus. Wanda ya ga jini a fitsarinsa kuma ya nemi gwajin tsargiya, domin tana da magani. Cibiyar lafiya ta matakin farko da ke kusa ta isa a fara da ita, daga nan a tura mutum Babban Asibitin Haɗejiya idan da buƙata.

Manomi yakan yi lissafin iri, taki, man inji da kuɗin ƙwadago, amma da wuya ka ga takalmi a cikin lissafin. Ƙungiyoyin manoma da ke sayo taki a dunƙule za su iya haɗawa da takalma a farashin sari, masu manyan gonaki kuma su tanadar wa 'yan ƙwadagonsu. Mako guda a kwance lokacin da iri ke tsufa a fangali ya fi kuɗin takalmi tsada.

Ni dai kafin na baro ƙauyen, na saya wa kawu sabo. Tsohon kuma ya yanke shi, ya yi wa bututun injinsa maɗauri da shi.