"Kada" a Sifaniyanci: yadda ake hani da kalmar aikatau

Idan ɗan kasuwar hatsi a Sabuwa yana son yaronsa ya dakata da ciniki, ba zai ce "ba ka sayarwa" ba, domin wannan labari ne. "Kada ka sayar" zai ce. Wannan bambanci na nan a Sifaniyanci, harshen hukuma a Ikwatoriyal Gini, inda Hausawa suka daɗe suna fatauci a biranen Malabo da Bata. Sai dai a can harafi ɗaya ne ke raba labari da hani.

Aikatau masu bin ƙa'ida kashi uku ne: masu ƙarewa da -ar kamar comprar (saya), da -er kamar vender (sayar), da -ir kamar abrir (buɗe). Wajen umarni ana cewa compra, vende, abre. Wajen hani kuwa, sanya "no" a gaba bai wadatar ba. Dole wasalin ƙarshe ya sauya. Masu -ar su ɗauki e, sauran biyun su ɗauki a, sannan a ƙara s: no compres (kada ka saya), no vendas (kada ka sayar), no abras (kada ka buɗe).

Idan babba ake yi wa magana cikin girmamawa, sai a cire s: no compre, no venda. Idan mutane da yawa ne, a maye gurbinta da n: no compren, no vendan.

Bahaushe na da sauƙi a nan. "Ka saya" da ke cikin "kada ka saya" ita ce ke cikin "ina so ka saya". Haka Sifaniyanci yake: compres ɗin no compres shi ne na quiero que compres. Harsunan biyu duk da sigar fata da buƙata suke gina hani.

Wakilin suna ma yana sauya wuri. "Saye shi" cómpralo ne, amma "kada ka saye shi" no lo compres ne.

Inda haɗarin yake shi ne saƙon waya. Wanda ya rubuta wa wakilinsa no vendes ya ce masa ne "ba ka sayarwa", abin da zai iya ɗauka a matsayin ƙorafi har ya gaggauta sakin kayan da araha. No vendas ne zai sa ya riƙe su har farashi ya tashi.