SILIMAR ZANE TA JAPAN: ABIN DA ƳAƳAN YAƘI SUKA ZANA

Da yawa daga cikinmu idan muka shigo gida muka tarar yara sun kewaye telebijin suna kallon zane mai motsi, wanda ake ce wa "desan anime" da Faransanci, sai mu wuce abinmu mu ce wasan yara ne. Wani ma ya kashe akwatin ya kore su. To amma akwai wata ƙasa can gabashin duniya inda magidanta da ma'aikata da tsofaffi suke jerin gwano su biya kuɗi don kallon irin wannan silima. Ƙasar kuwa ita ce Japan. Yau za mu duba kaɗan daga cikin finafinan zane da suka fi suna a can, mu ga dalilin da ya sa duniya ba ta mance da su ba.

YADDA AKE AIKIN

Ita dai silima hotuna ne tsayayyu da ake gudanar da su da sauri, guda 24 cikin sakan ɗaya, har ido ya ɗauka motsi yake gani. A silimar zane babu ɗan wasa gaban kamara, kowane motsi sai an zana shi, ganye bayan ganye. Mu ƴan Nijar ba baƙin wannan sana'a ba ne, domin marigayi Mustafa Alasan, wanda ya daɗe zaune a Tawa, ya yi "Bon voyage Sim" tun cikin 1966, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasa. A Japan kuwa, kamfanin Toei ne ya fitar da dogon fim na farko mai launi, "Hakujaden", cikin 1958. A 1963 Osamu Tezuka ya shigar da zanen cikin telebijin mako mako da labarin "Tetsuwan Atomu". Daga nan sana'ar ta bunƙasa.

Amma ba yawan zane ne ya ɗaukaka finafinan da za mu ambata ba. Akasarin mutanen da suka yi su yara ne ƙanana cikin 1945, lokacin da jiragen Amurka suke ruwan wuta bisa biranen Japan a ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Da suka girma sai suka zana abin da idonsu ya gani.

KABARIN MAƘESU

Isao Takahata yana da shekara 9 lokacin da aka ƙone garin Okayama cikin Yuni 1945, ya tsira da gudu cikin dare. A 1988 ya fitar da "Hotaru no Haka", wato Kabarin Maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare. Da Faransanci ana kiran fim ɗin "Le Tombeau des lucioles". An ɗauko shi daga labarin da Akiyuki Nosaka ya rubuta a 1967, shi kuma ƙanwarsa ce ta rasu don rashin abinci zamanin yaƙin.

Labarin wani yaro ne, Seita, ɗan shekara 14, da ƙanwarsa Setsuko, ƴar shekara 4. An jefa wuta a garinsu Kobe, uwarsu ta ƙone ta rasu, ubansu kuwa sojan ruwa ne, babu labarinsa. Suka koma wajen wata gwaggo. Da abinci ya yi ƙaranci sai ta fara yi musu gori. Yaron ya yi zuciya, ya ɗauki ƙanwarsa suka koma wani ramin ɓuya a bakin tabki, suna kama maƙesu don su sami haske. Shinkafa ta ƙare, ya shiga satar amfanin gona, yarinya ta yi ta ramewa. Ranar da ya samo kuɗi ya sayo abinci, lokaci ya riga ya ƙure.

Abin lura shi ne Takahata bai ɗora wa jiragen abokan gaba laifin duka ba. Ya nuna gwaggon da yunwa ta bushe wa zuciya, da lokotoron da ya duba yarinya ya ce abinci take bukata ya kau da kai, da kuma shi kansa yaron da girman kai ya raba shi da jama'a. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wanda ya ga shekarun fari na 1973 ko na 1984 zai gane fuskokin nan ba tare da tafinta ba.

BAM DA ABIN DA YA BARI

Keiji Nakazawa yana da shekara 6 a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945 da aka jefa bam ɗin atom. Ubansa da yayarsa da ƙanensa suka mutu. Ya zana labarinsa cikin littattafai, aka mai da shi fim a 1983 da sunan "Hadashi no Gen", wato Gen maras takalmi. Kallonsa sai mai ƙarfin hali, gama bai ɓoye abin da zafin bam ke yi wa jikin ɗan Adam ba.

Katsuhiro Otomo kuwa bayan yaƙi aka haife shi, amma tsoron nan bai bar shi ba. Fim ɗinsa "Akira" na 1988 ya buɗe ne da wani haske da ya haɗiye Tokyo. Sauran labarin yana gudana cikin sabon birnin da aka gina, inda samari marasa aikin yi suke yawo bisa babura, sojoji kuma suna gwaje-gwaje a kan yara don neman ƙarfin da ya fi su. An yi amfani da zane fiye da 160,000. Wannan fim yana cikin waɗanda suka sa manya a Turai da Amurka suka fara ɗaukar silimar zane ta Japan da daraja.

ISKAR SAHARA A TOKYO

Hayao Miyazaki an haife shi a 1941. Masana'antar danginsu tana ƙera kayan jiragen yaƙi, shi kuma yana ɗan shekara 4 suka gudu daga garin Utsunomiya yana cin wuta. Cikin 1985 shi da Takahata da Toshio Suzuki suka kafa ɗakin aikin da suka sa wa suna Ghibli. Kalmar nan daga hamadarmu ta fito: sunan iska mai zafi ce ta Sahara a bakin Larabawan Libiya, Italiyawa suka ara, ta isa har Japan. Nufinsu su busa sabuwar iska cikin sana'ar.

"Tonari no Totoro" ya fito rana ɗaya da Kabarin Maƙesu, tikiti guda ake saye a kalli biyun. Labarin ƴan mata biyu ne da suka koma ƙauye tare da ubansu, uwarsu tana kwance likita, suka gamu da wani dodon daji mai kirki. Babu mugu ko ɗaya a ciki, sai fargabar yaro da ke tsoron kada uwarsa ta mutu. Uwar Miyazaki ma ta yi shekaru tana jinya lokacin ƙuruciyarsa.

A 1997 ya fitar da "Mononoke Hime". Wata mace mai suna Eboshi ta kafa garin maƙera, tana sare daji don narkar da tama, namun daji da iskokinsa suka tashi yaƙi da ita. Sai dai matar nan ita ce ta ba kutare mafaka, ta fanshi matan da aka sayar ta ba su sana'a. Wane ne mai gaskiya, mai ciyar da talakawa ko mai tsaron itatuwa? Fim ɗin bai yanke hukunci ba, ya bar mai kallo da tambayar da duk ma'aikacin gandun daji ya sani.

Mafi suna duka shi ne "Sen to Chihiro no Kamikakushi" na 2001, "Le Voyage de Chihiro" da Faransanci. Iyayen wata yarinya ƴar shekara 10 sun tarar da abinci babu mai shi, suka hau ci, suka rikiɗa aladu. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Don ta cece su sai ta kama aiki a gidan wankan aljanu, inda uwar gidan take ƙwace sunan duk wanda ya shiga hannunta, wanda kuwa ya mance sunansa na asali ba zai koma gida ba. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin silima na Berlin a 2002, ya ci Oscar a Amurka a 2003, amma Miyazaki bai je karɓa ba saboda yaƙin Iraki. Ya tara kuɗin Japan yen fiye da miliyar 30 cikin gida, kuma babu fim ɗin da ya wuce shi a can sai cikin 2020.

Takahata ya rasu a 2018, bayan ya gama "Kaguya-hime no Monogatari" a 2013, daga wata tatsuniyar ƙasarsu da ta haura shekara 1000. Miyazaki ya sake cin Oscar a 2024, yana da shekara 83, da fim ɗin da shi ma ya fara da gobarar yaƙi.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Na farko ga iyaye. Ba kowane zane ne ya dace da ƙaramin yaro ba. Totoro kowa yana iya kallo, amma Akira da Gen da Kabarin Maƙesu na manya ne, ko matasa tare da babba a gefe. Kafin mu bari ko mu hana, mu zauna mu duba, gani ya kori ji.

Na biyu ga malaman lakwal da masu kula da al'adu. Mutanen nan sun sami suna a duniya da tatsuniyoyin kakanninsu, da gonakin shinkafarsu, da yunwar da suka sha, kuma da harshensu suka yi magana. Kayan aikinsu na farko takarda ne da fensir da haƙuri. Idan muka ga yaro yana zane a bayan littafinsa, kafin mu ɗaga bulala mu tambaye shi abin da yake zanawa.