MALAMIN LABURARE DA FARGABAR TSAYAWA GABAN AJI

Mutane da yawa suna tsammanin aikin malamin laburare bai wuce jera littattafai a kanta da buga hatimi ba. A farkon kowace shekarar karatu kuwa, dole ne ya tsaya gaban 'yan aji ɗaya ya koya musu yadda ake neman littafi, yadda ake duba ƙamus da taswira, da yadda ake fitar da bayani ba tare da kwafe shafi ɗungum ba. A nan ne gaban da yawa cikinmu yake faɗuwa. Malamin lissafi yana ganin ajinsa kullum, ya san kowa da sunansa. Mu kuwa sau ɗaya ko biyu muke samun aji a zango, na minti 40. In darasin ya lalace, wani yaron ba zai sake leƙo ɗakin ba sai jarrabawar WAEC ta ƙarato.

Me ke faruwa a jiki? Idan mutum ya ji tsoro, jikinsa yana sakin wani sinadari da ake kira adiranalin. Shi ke sa zuciya bugawa da sauri, baki ya bushe, hannu ya yi rawa har alli ya karye. Wannan ba ciwo ba ne, kuma yakan lafa bayan 'yan mintoci. Jan numfashi a hankali da fitar da shi a hankali yana rage bugun zuciya. Mukan kuma ajiye kofin ruwa a kan tebur.

Abin da ya fi ƙarfafa mu shi ne sanin cewa ɗalibai ma tsoro suke ji. A shekarar 1986 wata malama a Amurka, Constance Mellon, ta bincika abin da ɗaliban wata jami'a suka rubuta game da laburare. Ta tarar kashi 75 zuwa 85 cikin 100 sun ambaci tsoro ko damuwa a shigarsu ta farko, kowa yana ganin shi kaɗai ne bai iya ba, yana jin kunyar tambaya. To, ina ga yaron da ya fito daga ƙauye, bai taɓa ganin littattafai 500 a ɗaki ɗaya ba? Shirun da yake yi ba raini ba ne. Da zarar malami ya gane haka, sai hankalinsa ya bar kan muryarsa ya koma kan yaron.

Don haka muna farawa da abin da yara suka riga mu sani. Ga fadamar Baturiya a Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma, wadda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, inda tsuntsaye suke sauka daga Turai lokacin sanyi. Sai mu ce, “Wa zai faɗa mana tsuntsayen da ya gani a bakin ruwa?” Nan da nan hannuwa su tashi: dinya, kirinjijiya, zalɓe, balbela. Ɗan masunci zai lissafa kifaye har malami ya gaji da rubutu. Daga nan sai mu nuna musu cewa a tsarin da Melvil Dewey ya fitar a 1876, tsuntsaye suna lamba 598, kifaye suna 597, mu tura su kanta biyu-biyu su nemo. Aji ya ɗauki rabin maganar ke nan, malami ya samu sararin numfasawa.

Tambayar da ba a san amsarta ba ita ce dodon sabon malami. A laburare kuwa ita ce darasin kansa. Sai a ce, “Madalla, zo mu duba tare,” a buɗe fihirisar littafi a gaban kowa. Matambayi ba ya ɓata, kuma yaran sun ga yadda ake nema da idonsu.

Sauran shiri ne. A rubuta jimloli uku na farko a kati, domin farkon ne ya fi wuya. A tabbata littattafan da za a nema suna wurinsu tun daren jiya. Sabon malami ya roƙi wani tsohon hannu ya zauna a bayan aji, bayan an tashi ya faɗa masa abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da zai gyara kafin aji na gaba ya shigo.