Bakin Ruwa da Kufai: Abin da Yankin Bakolori Ya Mallaka na Yawon Buɗe Ido

A ƙasashen da Allah Ya hore wa teku akwai wata al'ada da ta daɗe da kafuwa, wato idan lokacin hutu ya zo, ma'aikata da 'yan kasuwa sukan ɗebi iyalansu su nufi garuruwan bakin teku domin shan iska na 'yan kwanaki. Mafi yawan irin waɗannan garuruwa ba ruwa kaɗai suke taƙama da shi ba. Kusa da su akan sami kufan wani tsohon birni ko wani tsohon gini, inda baƙo zai je ya gane wa idonsa yadda mutanen da suka rayu. A ƙasar Tunisiya, wanda ya sauka a garin Hammamat ko Susa yakan ware yini guda ya ziyarci kufan Kartaj, birnin da Rumawa suka rushe a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ƙasar Gana kuwa, masu zuwa gaɓar teku sukan shiga gidan kaso na Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a shekarar 1482, aka kuma riƙa tsare bayi a cikinsa kafin a haye da su teku. A nan gida Nijeriya ma garin Badagiri na jihar Legas yana cin wannan moriya. Alhazanmu kuma shaidu ne kan yadda iyalai ke zama a bakin Bahar Maliya a Jidda da yamma, cikin sutura da kamun kai, sa'annan su zaga tsohuwar unguwar Balad, wadda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2014.

Abin lura a nan shi ne yadda wuraren biyu suke taimakon juna. Ruwa shi ke jawo baƙo, amma kufai shi ke sa ya ƙara kwana. Kwanan nan da ya ƙara kuwa shi ne cinikin mai masauki da mai abinci da direba da mai sayar da kayan hannu, da kuma saurayin ƙauyen da ya san tarihin wurin ya shige gaba yana bayani. Saboda haka ne hukumomin waɗannan ƙasashe suke tsaron tsofaffin gine-ginensu kamar yadda manomi yake tsaron rumbunsa.

Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, ba ta da teku, kuma babu wanda zai kawo mata shi. To amma al'ummar Garbadu da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun suna zaune ne tsakanin abubuwan nan guda biyu, babban ruwa da tsofaffin mazaunai, ko da yake sabo ya sa da yawa ba su ɗauke su a bakin komai ba.

Tafkin Bakolori

An gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, an kammala ta a shekarar 1978, kuma kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Tafkin da ya taru a bayanta yana iya ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ya kuma mamaye fili kusan hekta 8,000. An tsara shi ne domin noman rani a kan kimanin hekta 23,000, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Shinkafa da masara da dankali da albasa da tumatirin da ake lodi daga wannan yanki duk albarkar wannan ruwa ce. Ba domin shaƙatawa aka yi shi ba, kuma bai kamata a manta da hakan ba: haƙƙin manomi da masunci shi ne a gaba. Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa a bakinsa da la'asar sakaliya, lokacin da masunta ke komowa da kwalekwale, tsuntsayen ruwa kuma suna sauka, ya san cewa wuri ne da baƙo zai so ya zauna.

Wannan ruwa kuma yana da nasa tarihin, wanda ba duka ne mai daɗin ji ba. Kafin tafkin ya cika sai da aka tayar da dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu, har da tsohon garin Maradun, aka mayar da su sababbin matsugunai. Taƙaddama a kan diyya da rabon filaye ta kai ga arangama tsakanin manoma da 'yan sanda a watan Afrilun 1980, inda aka yi asarar rayuka. Ma'ana, a ƙarƙashin ruwan Bakolori akwai kufai, akwai masallatai da kasuwanni da kusheyin iyaye da kakanni. Yaron da yake ɗan shekara 15 lokacin da aka tashi, yau ya haura shekara 60. Su ne kaɗai za su iya nuna inda ƙofar gari take, da inda marina take, da sunan kowace unguwa. Idan suka kau ba a rubuta ba, tsohon garin ya nutse karo na biyu ke nan, kuma wannan karon ba rani da zai janye ruwan ya bayyana shi.

Tsofaffin mazaunai

Masarautar Zamfara tana cikin tsofaffin daulolin ƙasar Hausa. Tarihi ya nuna cewa sarakunanta sun fara zama a Dutsi, ta wajen Zurmi, kafin su kafa Birnin Zamfara, wanda kufansa yake kusa da Isa a jihar Sakkwato ta yanzu. Gobirawa sun shigo ƙasar a matsayin baƙi, aka ba su wurin zama a gonakin Alƙalin Zamfara, abin da ya sa ake kiran wurin Alƙalawa. Da ƙarfinsu ya kawo, sai Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi wajen shekarar 1762. Daga nan sarautar Zamfara ta yi ta ƙaura, ta zauna Kiyawa da wasu wurare, har ta tabbata a Anka. Alƙalawa ita ma ba ta daɗe ba, domin mayaƙan jihadi a ƙarƙashin Muhammadu Bello sun ci ta a shekarar 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Birane biyu ke nan da suka yi sharafi, ɗaya ya rushe ɗaya, yau kuma dukansu kufai ne.

Yankinmu na da kaso mai tsoka a wannan tarihi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi da karantarwa a ƙasar Zamfara, kuma Faru na cikin wuraren da ya zauna. A Magami ne kuma, wajen shekarar 1788, lokacin Babbar Salla, ya gana da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo a gaban taron malamai. Sarkin ya miƙa masa kyautar dukiya, Shehu ya ƙi karɓa, ya nemi a maimakonta a bar shi ya yi kira zuwa ga addini, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Sunayen nan biyu, Faru da Magami, har gobe suna nan a ƙasar Maradun, su ne ma sunan ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar. Haka kuma a shekarar 1805, bayan wahalhalun da jama'ar Shehu suka sha a Gobir, sun yi zango na wasu watanni a Sabon Gari ta ƙasar Bakura, daga nan ne rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta tafi ta ci Birnin Kabi, kafin jama'a su koma Gwandu. Ɗalibai a jami'o'in Sakkwato da Zariya da Kano suna karanta waɗannan sunaye a littattafai, alhali yaran da aka haifa a kusa da wuraren sau da yawa ba su san abin da ya faru a can ba.

Ban da wuraren da suka yi suna, kusan kowace gunduma tana da nata kufai. Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya lura: tarin kukoki a tsakiyar daji inda babu gida, tudun da ya yi zobe wanda shi ne ragowar ganuwa, tsingaro da garma ke tonowa kowace damina, ramukan marina da suka cike, tsofaffin rijiyoyi, da kashin tama a inda maƙera suka taɓa narka ƙarfe.

Barazanar da ke fuskantar su

Kufan Kartaj da gidan kason Elmina na dutse ne, suna iya jure sakaci na ɗaruruwan shekaru. Namu yawanci na ƙasa ne, in ban da irin Surame, birnin Muhammadu Kanta na Kabi da ke jihar Sakkwato, wanda aka gina ganuwarsa da duwatsu, gwamnati kuma ta ayyana shi wurin tarihi na ƙasa tun shekarar 1964. Ganuwar ƙasa kuwa ruwan sama yana cinta, zaizayar ƙasa tana janta, amma abin da ya fi cinye ta shi ne hannun mutane. Mai gini yakan je da amalanke ya ɗebi ƙasarta domin ta fi kyan tubali, manomi yakan ƙara kunya biyu ko uku a jikinta kowace shekara, har wata rana a wayi gari babu ko alama. Ba da mugunta ake yi ba, rashin sani ne da kuma ƙarancin fili.

Akwai kuma masu tono domin sayarwa. A shekarun 1990 an haƙe tsofaffin sassaƙe-sassaƙen yumɓu masu yawa a yankin Kwatarkwashi da wasu sassan ƙasar Sakkwato da Katsina, dillalai suka saye su da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, suka fitar da su Turai. Abin da aka tono ta wannan hanya ya rasa rabin darajarsa ta ilimi, domin masana suna gane shekarun abu ne ta wurin zurfin da aka same shi da kuma abubuwan da ke kewaye da shi. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a shekarar 1979 ta haramta cinikin irin waɗannan kayayyaki da fitar da su waje ba da izini ba. Duk wanda ya tsinci wani abu irin wannan a gonarsa, abin da ya dace shi ne ya bar shi inda yake, ya sanar da mai unguwa, magana ta bi ta hannun hakimi da uban ƙasa zuwa fadar sarki da ƙaramar hukuma.

Wasu kan yi ɗari-ɗari da batun kufai saboda tsoron kada ya zama raya al'adun jahiliyya. Wannan damuwa ce da ya kamata a saurara, musamman a jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun shekarar 1999. Sai dai zuwa kallon ganuwa domin sanin tarihi daban, zuwa neman biyan buƙata wurin dutse ko itace daban. Alƙur'ani mai girma ya yi umurni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen al'ummomin farko ya kasance. Haka nan babu wanda ya ce sai an kwaikwayi tsiraici da shaye-shayen da ake gani a wasu gaɓoɓin teku.

Abin da za a iya yi yanzu

Ba zai yiwu a ɓoye ba cewa matsalar 'yan bindiga ta hana zirga-zirga a sassa da yawa na waɗannan ƙananan hukumomi, har ta kai a shekarar 2021 an rufe kasuwannin mako-mako da layukan waya na wani lokaci. Wanda bai iya zuwa gonarsa cikin kwanciyar hankali ba, ba za a ce masa ya gayyato baƙi ba, kuma ba a shawarci kowa ya shiga daji neman kufai ba tare da amincewar jami'an tsaro da shugabannin yankin ba. Amma akwai aikin da ba ya buƙatar baƙo ko ɗaya. Kowane uban ƙasa yana iya sa a rubuta sunayen kufaifan da ke ƙasarsa, da wanda yake noma wurin, da abin da ya rage a tsaye. Malaman makaranta suna iya zama da dattawa su naɗi muryoyinsu da wayar hannu, musamman waɗanda suka san garuruwan da ruwan Bakolori ya shanye, a ajiye kwafi a fada da sakatariyar ƙaramar hukuma. Sashen filaye kuma ya kiyaye kada a yanka fuloti ko a ba da izinin ɗibar ƙasa a kan ganuwa ko tsohuwar maƙabarta.

Dangane da bakin ruwan kansa, masu zuwa shan iska lokacin bukukuwan Salla su sani cewa tafki ba wurin wasan yara ba ne. Ruwan da ke kwance da na magudanan ban ruwa yana ɗauke da katantanwar da ke yaɗa cutar tsargiya, wadda alamarta ita ce fitsarin jini, kuma ana samun maganinta a asibiti. Kada a cika wa kwalekwale kaya fiye da kima, kada a shiga ruwa bayan faɗuwar rana, a kuma bi umurnin Sarkin Ruwa da ma'aikatan madatsar game da wuraren da aka hana kusanta.

Maƙwabtanmu na Argungu ba su da teku su ma. Kogin Matan Fada ne da su, da gidan tarihi na Kanta, da bikin kamun kifin da aka faro a shekarar 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. Bikin ya sha tsayawa na shekaru, har da dalilin tsaro, amma duk lokacin da aka dawo da shi akan tarar da kogin da gidan tarihin da masu ba da labari suna nan, kuma a shekarar 2016 UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gargajiya na duniya.