Hutun damina a Tsarnawa: baƙo ya huta, kada rumbun mai masauki ya koka

Kowace shekara, da zarar an rufe lakkwal a farkon damina, ma'aikaci yakan fara tunanin inda zai kai hutunsa. Ɗan kasuwa ma, ganin ciniki ya ja baya domin masu saye sun koma gona, yakan so ya bar rumfa a hannun yaro na ƴan kwanaki. Masu hali su kan nufi Kwatano ko Lome, wasu har Faransa. Amma akwai hutun da bai buƙatar fasfo ko tikitin jirgi: aminai uku ko huɗu su haɗa kuɗin mai, su tafi ƙauyen ɗaya daga cikinsu. Ga mutanen jahar Tawa, Tsarnawa da kewayenta na cikin wuraren da suka dace da irin wannan tafiya.

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ya san Tsarnawa, ko da ta tagar mota ne. Tana gabas kaɗan da Birnin Ƙwanni, a mararrabar da hanyar Tawa ta rabu ta yi arewa, ta bi ta Badagishiri cikin gundumar Illela. Wanda ya miƙe gabas kuwa zai tarar da Malbaza, garin siminti, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, sa'annan Galmi, wadda albasarta ta yi suna har ƙasashen gaɓar teku. Matafiya kan tsaya a mararrabar su sayi ruwa da nama, su wuce. Kaɗan ne ke sauka daga kwalta su ga abin da ke bayanta.

Abin da ke bayanta shi ne kwarin Magiya. Wannan gulbi na damina yana gangarowa daga duwatsun Adar, ya ratsa ƙasar Ƙwanni, ya ƙare a tafkin Kalmalo cikin Najeriya. A kansa aka gina madatsan ruwa na Mozage da Zango, waɗanda ke shayar da gandun noman rani na Ƙwanni, mai faɗin sama da hekta 2000, wanda aka shirya a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, a ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA. Wanda ya san wannan ƙasa cikin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40, ba zai gane ta ba a watan Agusta. Jar ƙasa ta ɓace ƙarƙashin hatsi da dawa da wake, tafkuna sun cika, iska ta yi sanyi, Fulani sun kawo nono, ƙwan zabi ya wadata.

Daɗin wannan hutu shi ne babu agogo a cikinsa. Bayan sallar asuba a zaga gona, da hantsi a sha fura, da la'asar a zauna gindin itace ana dara, da dare a ɗora shayi har zagaye na uku. Damina ce kuma lokacin da ƴan cin rani na Adar ke komowa gida daga Najeriya da Abijan da Libiya domin noma, saboda haka abokin da aka yi shekaru ba a gani ba, a nan ake samun sa. Masu son tarihi suna iya leƙawa Birnin Ƙwanni, wanda rundunar Bule da Shanuwan ta ƙone a 1899, ko su hau zuwa Illela, gidan sarautar Sarkin Adar. Sai dai a kula, Illela biyu ce: ta Adar tana arewa, ta Najeriya kuwa tana tsallaken iyaka, kudu da Ƙwanni.

To, amma akwai wata gaskiya da ya kamata mai shirin tafiya ya riƙe. Watannin da ɗan birni ke kira hutu, su ne watannin da suka fi kowane nauyi a kan manomi. Daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba, hatsin bara ya ƙare ko ya kusa, na bana bai nuna ba. Farashin tiya yana kan ƙololuwarsa a kasuwa. Aiki kuwa bai jira: an gama noman fari, ga maimai ya taso, kuma kwana biyu na sakaci ya isa ciyawa ta ci gona. Mutanen wannan jaha ba su manta da 1984 da 2005 ba, kuma ko a shekarar albarka, gidaje da yawa sukan rage tukunya kafin kaka.

Cikin wannan hali ne mota ke tsayawa ƙofar gida da baƙi huɗu. Bahaushe ba ya cewa baƙo babu. Mai gida zai yanka zakaran da ya ajiye domin ranar larura, ko ya kai akuya kasuwa, ko ya ci bashin hatsi da za a biya ninki da kaka. Uwar gida za ta ƙara daka da ɗiban ruwa a kan aikin gonarta. Mai gida zai bar hauya ya zauna hira, domin kunya ba ta barin sa ya tashi. Baƙi su koma birni suna yabon karamcin ƙauye, ba su san cewa hutun mako guda ya ci abincin gidan na wata ɗaya ba. Ba wanda zai faɗa masu, domin faɗin ma abin kunya ne.

Maganin wannan ba fasa tafiya ba ne, domin zumunta a ƙafa take. Magani shi ne a tafi da shiri. Da farko, a sanar da mai masauki tun da wuri, a bar shi ya zaɓi lokacin da aikin gona ya yi sauƙi. Na biyu, kada a isa hannu sake. Buhun hatsi ko shinkafa, mai, sukari, ganyen shayi da sabulu, idan aminai huɗu suka raba kuɗinsu, bai kai abin da za su kashe a kwana biyu na otal ba. A miƙa kayan tun ranar isowa da sunan tsaraba, domin tsaraba ba ta zubar da mutuncin kowa, alhali kuɗin da aka miƙa ranar tafiya yana kama da biyan haya. Na uku, a saki mai gida ya tafi gonarsa. Wanda ke da ƙarfi ya bi shi ko da na safiya ɗaya ne, wanda tebur ya kashe wa hannu ya ɗauki nauyin abincin gayya ko ladan ƴan ƙwadago biyu. Na huɗu, abin da za a saya, kaza ko nono ko ƙwai, a saye shi a garin, ba tare da irin tayin da ake yi a Babbar Kasuwar Yamai ba.

Akwai kuma shirin lafiya. Damina lokacin zazzaɓin sauro ce, kuma kwari mai tafkuna gidan sauro ne. Kowa ya tafi da gidan sauronsa, in ya tashi komawa ya bar shi ga yaran gidan. Wanda zazzaɓi ya kama ya nemi gwaji a likita mafi kusa. Kada direba ya yi gardama da ƙorama bayan ruwan sama, domin ƙoramun Adar kan cika cikin ƙanƙanen lokaci, su tafi da mota da abin da ke cikinta. A tambayi mutanen gari halin hanya kafin a shiga daji, a kuma guji tafiyar dare, musamman wajen iyaka.

Wanda hutunsa ya haɗa da 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai wadda tun 1975 ta zama ranar dashen itatuwa a ƙasarmu, yana da damar barin abin tunawa. Aminai su dasa mangwaro ko zogala a garkar mai masaukinsu, su kewaye dashen da ƙaya saboda awaki, su bar ɗan abin da za a ba yaron da zai riƙa ba shi ruwa da rani.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa kuwa takan sauka ta jiƙa shuka, ta tashi ba ta karya ko kara ɗaya ba. Wanda ya yi hutunsa haka, baɗi ba sai ya nemi izini ba, mai masauki ne zai aiko a tambayi ranar zuwansa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai matafiya gida lafiya, amin.